Yadda Muka Kai Luba Rimawa da Baya

Ba zan taɓa mantawa da ƙarar nan ba, ko da kuwa tsufa ya sa na manta sunan unguwarmu. Ɗis. Sai a yi shiru. Ɗis. Hantsi ne, yara sun tafi makaranta, ina zaune a tsakar gida ina tsince shinkafa, gidan ya yi tsit har ana jin numfashin kaji. Da fari na ɗauka randa ce ke yoyo. Na duba randa lafiya lau. Na bi ƙarar a hankali har rumfar mota, na durƙusa na leƙa, sai ga wani gwangwanin madara da maigidana ya ajiye a ƙarƙashinta, jan mai yana ɗiga ciki ɗaya bayan ɗaya.

Bari in gabatar muku da motar, don a gidanmu mutum ce. Tsohuwa muke ce mata. Babbar jif ce irin ta manya, wadda a zamaninta in ta shigo gari sai an miƙe tsaye. Marigayi surukina ya saye ta a hannun wani babban ma'aikaci da ya yi ritaya, a wata shekara da albasa ta yi daraja. Kafin ta iso hannunmu fentinta ya koɗe, fatar kujerunta ta tsage kamar dunduniya mai kaushi, gilashin baya na hagu kuma ba ya sauka sai an roƙe shi. Amma in ta hau yashi ko ta shiga laka, sai ka rantse budurwa ce. Da surukina ya rasu an yi ta taya ta, Abban Nana (maigidana ke nan) ya ce ko ƙusa ba zai sayar ba.

Giyarta irin mai canja kanta ce, direba ba ya taka komai sai mai da birki. Wannan giyar ita ce ran Tsohuwa, kuma ita ce abin da ke hana Abban Nana sakewa. Bakanike ya taɓa gaya masa cewa ranar da ta mutu, motar ta mutu, don kayanta sai an aika nesa, kuma ba lalle a samu ba. Saboda haka duk ya dawo daga tafiya, tun injin na aiki da zafinsa, sai ya buɗe bonet ya zaro wani dogon ƙarfe na awo, ya goge, ya mayar, ya sake zarowa, ya ƙura masa ido kamar mai duban wata. In ya ga da buƙata, sai ya kira ni in riƙe masa mazurari ya tsiyaya jan man nan kaɗan, kamar mai ɗiga wa jariri magani a ido. (A raina nakan ce, bawan Allah nan ba marowaci ba ne ga mutane, amma ga wannan baiwar Allah akwai rowa.)

To a wannan lokacin ba ya gari. Ya bi lodin albasa zuwa Kudu, kasuwa ta yi sanyi, ya ce ba zai dawo ba sai ya ga ƙarshen kayan. Amanar da ya bar mini ɗaya ce: kullum safe in tayar da Tsohuwa ta ɗan ɗumama, in kashe. Shi ke nan. Na kira shi na ce, "Abban Nana, Tsohuwa na zubar da jan mai."

Ya ce, "Ɗis-ɗis ko shaa?"

Na ce, "Ɗis-ɗis."

Ya ce, "Ƙyale ta, tsuhwa na. In na dawo ni duba."

Na ce to. Na koma kan shinkafata. Ɗis. Ni kuwa Allah ya yi ni da wata irin zuciya, ko akuyar maƙwabta na ji tana kuka sai na leƙa ta katanga. Yaya za a yi ina zaune ina ji abu na ƙarewa a jikin tsohuwa, in ce tsufa ne?

Kuma akwai dalili na biyu, wanda shi ne babba. Bikin Luba ya matso.

Luba ɗiyar maƙwabciyata ce, aminiyata, wadda Allah ya yi wa rasuwa tun yarinyar na firamare. Uban kuwa ya riga ta. A ɗakin gwaggonta, Gwaggo Hajo, take kwana, amma a madafata ta girma. Ni na koya mata tuƙin tuwo, ni na raka ta ta koyi ɗinki bayan ta gama sakandare. Ta samu miji na son ranta, wani malamin makaranta ɗan Rimawa, yaro mai kunya. Sai dai magana ta iso mana (kun san magana ba ta buƙatar kuɗin mota) cewa wai uwar angon, Hajiya Inno, ta ce a shirya tarbar amarya a Keke Napep, tunda ɗiyar ba ta da kowa. Ko ta faɗa ko ba ta faɗa ba, Allah masani, ban ɗora mata ba. Amma Luba ta ji. Ta zo ta zauna bakin murhuna tana wasa da itace, hawaye na sauka.

Na ce, "Share idonki. Wallahi cikin Tsohuwa za ki shiga Rimawa, kina bayan mota awa matar gwamna. Su ga ko kina da kowa."

To kun ga, motar da na yi rantsuwa a kanta ita ce ke ɗiga a rumfa.

Washegari na buɗe bonet da bisimilla. Na san wurin, ai ni ke riƙe mazurari. Galan ɗin jan man na nan inda yake ɓoye shi bayan buhunan gero. Na karanta rubutun jikinsa tsaf don kada in yi kuskure (ina alfahari da wannan, na ce karatun sakandare bai faɗi ƙasa banza ba). Na zaro ƙarfen awo da sanyin safiya, na ga man bai kai zanen sama ba. Ban san cewa sai da zafi ake duban wannan zanen ba. Na ce, "Allah sarki, ashe da yunwa kike kwana." Abin awo ya gagare ni, sai na ɗauko tsohon ludayin koko wanda bakinsa ya ɗan fashe, na wanke na shanya, na keɓe mata shi. Na zuba ludayi guda. Na tsaya. Na tuna ko mai sayar da gishiri a kasuwarmu ta Wurno ba ya sallamar mutum babu gyara. Na ƙara ɗan rabi.

Daga ranar ban sake zaro ƙarfen awo ba, don a ganina lissafin a fili yake: abin da ya fita ai sai a mayar. Kullum safe in na ba kaji tsaba, na ba tumaki dusa, sai in je ga Tsohuwa. Abin da ke ɗiga a gwangwani a yini bai cika cokalin shayi ba, wannan kuma na gani da idona, amma na ce wa ya san wanda ke tafiya ta ciki? Da biki ya ƙarato na mayar da shi ludayi biyu, kamar yadda ake ƙara wa rago dusa in layya ta kusa. Ina zubawa ina yi mata hira. "Sha, Tsohuwa. Tahiya na gabanki." Har galan ya koma ba nauyi. Ban gaya wa Abban Nana ba. So nake ya dawo ya tarar da ita ta yi ƙiba, ya yaba mini.

Ranar kai amarya muka tashi bayan azahar don a isa da rana. Bello, ƙanin maigidana, shi ne direba. Tsakanina da Bello kuwa ba a raga wa juna, kun san matar wa da ƙanin miji. Yana zuwa ya zagaya motar, na wanke ta na turara ta da turaren wuta, ya ce, "Matar yaya, wagga ai ita ta amaryar. Ko da ita za mu bari Rimawa mu dawo da Luba?"

Na ce, "Kai dai ka tuƙa da hankali, kada ka zubar muna da mutunci."

(Ku riƙe wannan maganar tawa. Ni na faɗe ta, da bakina.)

Gwaggo Hajo ta zauna gaba da carbinta. Ni da Luba da 'yata Nana, mai shekara shida, muna baya. Luba na lulluɓe tana kukan amare, ni ina taya ta da na gaske. Bas ɗin ƙawaye ta riga mu yin gaba, mu muna tafe a hankali irin tafiyar manya. A kan kwalta komai lafiya, sai dai na ji Tsohuwa na ɗan jinkiri kafin ta canja giya, kamar mai tunanin wata magana. Na ce a raina ƙoshi ne. Da muka wuce Goronyo ta fara wani gurnani, Bello na taka mai tana ihu amma saurin bai ƙaru ba. Ya dubi motar ya dubi hanya, ya ci gaba da tuƙi. Muka sauka kan jar hanya. Muna hango hasumiyar masallacin garin, sai wani wari ya shigo, sai farin hayaƙi ya turnuƙe daga ƙarƙashinmu. Tsohuwa ta yi wata shessheka ta tsaya.

Gwaggo Hajo ta ce, "Innalillahi! Mi ya hwaru?"

Bello ya kashe ta ya fita da gudu. Kafin ya buɗe bonet mutane sun fara taruwa: manoma daga gonakin gefen hanya, sannan abokan ango da suka fito tarbarmu a kan babura, su kusan goma, da sababbin shaddodi. Har da wani dattijo mai jar hula, wanda daga baya na ji baffan ango ne. Na ce a sauko da Luba saboda hayaƙi, Gwaggo Hajo ta juyo ta ce, "Amarya ba ta sauka kan hanya. Ƙahwarta ba ta taɓa ƙasa sai ƙofar mijinta. Ba wuta ba ta, ku buɗe ƙyamare ta sha iska."

Ina zaune ina jin maza na ta bayani a gaban mota. Kowa bakanike ne ranar. Sai na ji dattijon nan ya ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Man giya na ya ƙare. Ga shi nan dut ya zube bisa salansa. Irin wagga mota kulawa ta ka so. Mai ita ba shi nan, an bar ma mata, wa za shi duba ta?"

Wani ya ce, "Ai aro na. Da sun zo a Napep ɗinsu da yanzu an gama."

Ni ba mai magana cikin maza ba ce, Allah ya sani, ko mai kayan miya na zo saye sai na rage murya. Amma a ce ba a kula da Tsohuwa ba? A gaban surukan Luba? Na gyara mayafi, na sauko, na taka har gaban bonet, na ɗaga murya yadda ban taɓa ɗagawa ba tun da aka haife ni.

"Baba, ka yi haƙuri, amma wagga mota ba ta san yunwa ba. Ni ka kula da ita da hannuna. Kullum sahe ludayi biyu ni ka ba ta na jan mai, hal da gyara. Ko yau sai da na ba ta ukku sabadda tahiya!"

Na tsaya ina jiran a ce madalla.

Shiru. Irin shirun da ake yi in liman ya yi mantuwa a raka'a.

Bello ya juyo a hankali. Ya ce, "Matar yaya... ludayin mi?"

Na ce, "Na koko mana. Amma na keɓe mata shi, ba a sha da shi."

Bello ya naɗe hannu da tsumma ya zaro ƙarfen awo. Jama'a, tun daga ƙasa har kusan mariƙinsa kumfa ce, ruwan hoda, tana tsiyaya kamar an kaɗa omo. Ya ɗaga shi sama kowa ya gani. Ya ce, "Ba ƙarewa yay yi ba, Baba. Amai ta ka yi. An ɗura mata hal ta rasa inda za ta sa."

Wani yaro daga cikin abokan ango ne ya fara. Ya so ya danne dariyar, ta fito masa ta hanci. Shi ke nan aka ɓarke. Wani ya sauka daga babur ya riƙe ciki. Wani manomi ya jingina da fartanyarsa yana share hawaye yana cewa, "Hal da gyara! Wayyo Allah, hal da gyara!" Dattijon nan ya yi ƙoƙarin riƙe girmansa, gemunsa na rawa, ƙarshe ya juya baya kafaɗunsa na tsalle. Ni kuwa ina tsaye tsakiyarsu, ga lalle har gwiwar hannu, ga atamfar anko, ina roƙon ƙasa ta tsage. Ƙasar Rimawa kuwa tauri gare ta, ba ta tsage ba.

Na koma mota na ja ƙyaure. Ban iya duban Luba ba. Na ce, "Ɗiyata, ki yahe mani. Na so in ɗaga ki, na kada ki." Sai na ga lulluɓinta na girgiza. Na ce shi ke nan, na karya mata zuciya. Na ɗaga gefen mayafin, ashe dariya take yi, hawaye shaɓe-shaɓe, tana cizon yatsa don kada a ji amarya na dariya.

Aka jira Tsohuwa ta huce. Bello ya tayar da ita, ya sa giyar gaba, ta yi gurnani ba ta motsa ba. Ya sake, haka. Ana ta shawara a kira bas ta dawo, Gwaggo Hajo na cewa ita fa ta faɗi magana ɗaya. Can Bello, don ya gwada, ya sa ribas. Tsohuwa ta zabura kamar an kira sunanta.

Ya leƙo baya ya ce, "To, matar yaya. Gaba ta ƙi, baya ta yarda. Mi kinka gani?"

Na dubi Luba. Ta ce a hankali, "Umma, kin ce cikin Tsohuwa za ni shiga. Ba ki ce ta wace fuska ba."

Akwai wani fako gefen hanya inda ake sussuka. Bello ya ja da baya ya yi kwana a kai, har ɗuwawun motar ya fuskanci gari. Haka muka shiga Rimawa. Bello ya sa hannu bayan kujerar Gwaggo Hajo, wuyansa a murɗe, babura na gaba suna hon, hayaƙi na ɗan tashi, yara na bin mu suna tafi, sai dai su a gabanmu suke tunda mu hancinmu na kallon Wurno. Mata na leƙowa ta kan katanga. Mai guɗa ta ɗaga murya, ta ga yadda muke tafe, guɗar ta karye mata a tsakiya. Ni na ja mayafi na rufe fuska ruf, har aka rasa wace ce amaryar.

Abin da nake tsoro shi ne bakin tsofaffi. Na san za a ce amaryar da ta shigo tana kallon gidansu ba mai zama ba ce, kuma irin wannan maganar in ta manne wa yarinya, har jikokinta sai sun ji. Muna tsayawa kuwa na ji wata ta fara: "Ikon Allah, wagga ai tun ba ta sauka ba ta juya..."

Sai ga Hajiya Inno ta fito daga zaure. Doguwar mace, ba fara'a, irin wadda in ta dube ka sai ka tuna laifinka na bara. Labari ya riga mu isowa, babura sun kai. Ta dubi motar tun daga baya har gaba. Ta ce, "Ina mai ludayin?"

Na sauko, na durƙusa na gaishe ta. Ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Ke ta kinka riƙa ɗiyar?"

Na ce, "Ni da gwaggonta, Hajiya."

Ta ce, "Haka kinka ciyar da ita, awa motar?"

Aka yi dariya. Na ce, "Iyakar ƙoƙarina, Hajiya."

Ta juya ga matan da ke tsaye, musamman wadda ta fara magana, ta ce, "To ku ji. Ɗiyar da ta tashi hannun wadda ba ta iya ganin ƙarhe da yunwa, ita anka ce ba ta da kowa? Ku duba, motar gidansu ma ba ta son rabuwa da ita, da ƙyar anka jawo ta. Ku buɗe mani ƙyauren in sauko da ɗiyata."

Da hannunta ta sauko da Luba. Mai guɗa ta sake ɗaukowa, wannan karon ta kai ta har ƙarshe. Ni kuwa na samu lungu bayan rumbu na yi kukana mai isata, rabi na kunya rabi na godiya ga Allah.

A Rimawa Tsohuwa ta kwana biyu, sai da Bello ya ɗauko bakanike daga Goronyo ya zuƙe abin da na ɗura, ya wanke, ya zuba sabo daidai awo. Allah ya rufa asiri giyar ba ta mutu ba, sai dai tun daga nan takan yi 'yar tangarɗa in za ta hau giya ta uku, kuma duk ta yi sai kowa a motar ya juyo ya dube ni. Abban Nana da ya dawo bai yi faɗa ba. Ya zauna ya saurari labarin daga bakin Bello (wanda ya ƙara masa gishiri, ya ce da akushi nake zubawa), ya yi dariya har ya ƙware. Sannan ya ɗauke galan ya kai shagonsa ya kulle. Wannan ya fi mini faɗa ciwo.

Luba na nan Rimawa lafiya, da ɗanta a baya. Ita da Hajiya Inno kamar uwa da ɗiya. Ni ce dai sunana ya ɓace a garin; in na je suna ko gaisuwa, tun daga bakin hanya yara ke shelar Mai Ludayi ta iso. Na koyi cewa tausayi ma yana da zanen awo, kuma in an ce maka ƙyale, wani lokacin ƙyalewar ita ce kulawar. Na koya, ban ce na iya ba.

Kwanaki ina yi wa Nana kitso a tsakar gida, tana zaune tsakanin ƙafafuna, na ce mata in Allah ya kai mu nata bikin, ni da kaina zan shirya komai, ba wanda zai sa mini hannu. Can ta ɗago kai, har tsagar ta ɓace mini, ta ce:

"To Umma, amma don Allah ranar ki bar motar ta yi azumi."